Ba Aljani Ba Ne

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na ajiye alƙalami na tafi yawo. Ban je ko'ina ba. Shafin nan ne sau uku ina farawa ina gogewa. Ku samu wuri ku zauna kafin ku karanta.

*

Kwana tara ke nan da fitowar littafin, kuma tun ranar wayar Auta ba ta huta ba.

Labarai goma sha biyu ne a cikinsa, duk na aljanu, kowanne da marubucinsa. Nata ne na bakwai, "Ɗakin Baya", amma ba ta sa sunanta ba. Ta ce wa Edita, matar da ta tattara labaran, ta rubuta 'Yar Shiru kawai.

A gida babu wanda ya san tana rubutu. Abin da suka sani shi ne tana fita ƙarfe takwas zuwa shagon buga takardu, ta wuni tana buga wa mutane wasiƙun neman aiki da takardun haya, ta dawo da yamma yatsunta duk tawada.

Ranar da safe babu kowa a shagon. Injin fotokwafi ya cinye takarda tun jiya, mai shagon ya ɓalle murfinsa ya tafi neman mai gyara. Auta ta janyo kujera kusa da fanka, ta shiga zauren da Edita ta buɗe wa masu karatu a waya, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Wata ta ce labari na farko ɓarnar takarda ne, aljanin cikinsa ko kaza ba zai firgita ba. Wani ya ce shi na huɗu ne ya sa yanzu in zai shiga banɗaki sai ya bar ƙofa a buɗe, matarsa har yau dariya take masa. Wata ta zo da ƙorafin cewa marubutan sun cika sa aljanu dogon jawabi kamar an ba su lasifika, in aljani ne ya yi abin da ya kawo shi ya kama gabansa. Mai labari na tara ya kasa haƙuri ya fito yana kare kansa, aka yi masa ca, sai da Edita ta shiga tsakani.

Amma duk inda aka zaga sai an dawo kan na bakwai.

"Na bakwai shi ne littafin, sauran rakiya suka yi."

"Wurin da yarinyar take cewa tana jin warin roba na ƙonewa kafin ya zo mata, tun ranar ko tukunya ce ta kama sai gabana ya faɗi."

"Ni ƙanwar ce ta ba ni tausayi, da take tura mata zane ta ƙarƙashin ƙofa."

"'Yar Shiru a daure a yi mana kashi na biyu, mu ga ya koma kan uwar."

Auta ba ta amsa wa kowa ba. Suna yaba mata iya ƙirƙira, alhali babu abin da ta ƙirƙira. Yarinyar da ke cikin labarin yayarta ce, wadda ake kira 'Yar Baba saboda yadda mahaifinsu yake ji da ita. Ɗakin ma yana nan a gidansu, yanzu tsofaffin kujeru da tayoyi aka zuba a ciki. Ƙanwar da ke tura zane kuwa ita ce, lokacin tana da shekara tara.

Tana shirin ajiye wayar ta ga wani dogon sharhi da ya shigo da sassafe. Mai shi ta sa wa kanta suna Likitar Yara.

"Na karanta littafin duka, wasu sun burge ni, wasu sun ba ni dariya. Amma na bakwai ban ji tsoro ba, kuka na yi. Ku yi haƙuri zan ɓata muku labari. Yarinyar da za ta ji wani wari kafin ta faɗi, idonta ya kafe, jikinta ya sandare sannan ya riƙa fizga, ta ciji harshe, ta farfaɗo ba ta san me ya faru ba, ta yi barci mai nauyi, wannan ba aljani ba ne. Farfaɗiya ce. Kullum ina ganin irinsu a wurin aikina, da yawansu kuma da ƙwaya safe da yamma suke komawa makaranta. Marubuciyar ta zana ciwon daidai yadda yake, har ina zargin ta taɓa gani da idonta. In haka ne, wanda ya kulle yarinyar nan ita kaɗai shi ya fi ba ni tsoro a duk littafin."

Auta ta karanta, ta sake karantawa. A karo na uku ta kasa wuce kalma ɗaya.

Farfaɗiya.

Ta san kalmar mana. Amma a gidansu ba a taɓa furta ta ba, ko da wasa. Abin da aka gaya mata tun tana ƙarama shi ne aljani ya shiga yayarta a hanyar makaranta. Da wannan ta girma, da shi ta zauna ta rubuta labarin.

A ƙarƙashin sharhin zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce likita ta koma asibitinta ta bar su su ji tsoronsu cikin kwanciyar hankali, ba komai ake kaiwa ɗakin gwaji ba. Wata ta ce dama akwai masu karatun da ba sa yarda da komai sai sun gan shi a cikin kwalba. Wasu kuma suka koma suka sake bin labarin, suka dawo jiki a sanyaye. Wani ya ce ƙanensa haka yake yi, yau shekara shida yana shan magani, yana aikinsa na kafinta, har ya yi aure.

Sai wata ta rubuta ɗan gajeren layi:

"Ashe iyayen ne aljanun."

Mutum arba'in da wani abu suka danna mata alamar yarda.

Auta ta kife wayar a kan tebur.

Wani dattijo ya shigo da wasiƙar da yake so a buga masa. Layi shida ce, amma sau uku tana fitarwa yana nuna mata kuskure da yatsa. A ƙarshe ya tambaye ta ko lafiya, ta ce kanta ne ke ciwo. Ya yi mata sannu, ya ninke takardarsa ya fita.

Yana fita ta rubuta wa likitar a keɓe cewa ita ce 'Yar Shiru, tana son magana da ita. Ba a yi minti goma ba matar ta kira.

Muryar babbar mace ce, a gajiye, a bayanta ana jin kukan jarirai. Ta fara da ba da haƙuri. Ta ce ba ta rubuta don ta kunyata kowa ba, tana gani ne mutane ɗaruruwa suna karanta labarin, kuma a cikinsu dole akwai mai irin yarinyar nan a gida.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, in kin ga dama ki amsa," in ji ta. "Yarinyar tana raye?"

"Labari ne kawai."

 Tana faɗa Auta ta ji ƙaryar ta yi mata nauyi a baki.

"Ta rasu. Yayata ce. Shekara goma sha shida ke nan."

Daga nan maganar ta ɓalle mata. Ta gaya mata yadda aka cire 'Yar Baba daga makaranta, yadda masu magani suka riƙa shigowa suna fita, yadda aka mayar da ita ɗakin baya aka ce kada yara su kusance ta. Ta gaya mata safiyar da mahaifiyarsu ta buɗe ƙofa da kofin shayi a hannu, ta tarar da ita rub da ciki a kan katifa, jikinta ya riga ya yi sanyi. Aka ce mai ita ya zo ya ɗauki abarsa.

Likitar ta ce ba za ta rantse ba, ba ta ga yarinyar ba, kuma ba a yanke wa mutum ciwo daga littafi. Amma mai irin wannan lalurar ba a rufe shi shi kaɗai, don in ya faɗi a kan fuskarsa babu mai juya shi.

"Da an kai ta asibiti, da ta rayu?"

"Rai na Allah ne, ƙanwata. Amma da an ba ta dama." Ta ɗan tsaya. "Kin tabbata ba a taɓa kai ta ba?"

Auta ta buɗe baki za ta ce ta tabbata, sai ta tuna wani abu.

Akwai wani lokaci da ba ta sa a labarin ba, saboda bai dace da labarin tsoro ba. Wasu watanni ne da 'Yar Baba ta warke sarai. Ta koma makaranta, tana yi wa Auta kitso, tana cin zalinta a kan fensir. A watannin ne ta taɓa ganin mahaifiyarsu ta ciro gwangwanin hoda daga ƙasan kaya a durowa, ta zaro wani ɗan farin abu ta miƙa wa yayarta da ruwa, tana waige-waige.

Kafin ta ce wani abu, wani kiran ya shigo. Yaya ne, babban wansu, wanda tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan. Ba ya kiranta sai da dalili. Ta ba likitar haƙuri ta ɗauka.

Bai amsa gaisuwarta ba. Ya ce ta bar duk abin da take yi ta zo gida yanzu, ya kashe.

*

Ta kulle shagon, ta bar wa mai shagon makulli a wurin telan da ke maƙwabtaka da su.

Tun daga ƙofa ta ji gidan ba daidai ba. Rediyon Umma a kashe. Ba ta ji muryar Aku ba, 'yar Yaya mai shekara goma, wadda surutu ya jawo mata sunan, ga shi kuma lokacin tashi daga makaranta ya wuce.

A falo ta same su. Umma na zaune a bakin kujera, hannayenta a cinya. A gabanta tire ne a kife, shinkafar da take tsinta ta watse a kan leda, babu wanda ya kwashe. Anti, matar Yaya, tana tsaye a jikin bango idonta ya kumbura. Yaya kuwa da kayan garejinsa ya zo, baƙin mai har gwiwar hannu, littafin a hannunsa ya naɗe shi kamar zai kashe sauro.

Ya jefa shi a gaban Auta.

"Ke ce?"

"Ni ce."

Ba ta yi zaton zai fito mata da sauƙi haka ba.

Yaya ya fara, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi ihu ban tsoro. Ya ce ta tone 'yar'uwarta daga kabari ta kai ta kasuwa, kowane mara aikin yi yana taɓawa. Ya ce an nuna masa abin da ake rubutawa, har da masu kiran uwarsu aljana, masu cewa a yi kashi na biyu. Ya tambaye ta ko abin da take yi a shagon ke nan, ko don ta ga an bar ta tana fita shi ya sa ta ɗauka babu mai iya ce mata komai.

Anti ce ta yi bayanin yadda abin ya fito, tana magana tana kallon ƙasa. Ta sayi littafin makon jiya, tana cikin zauren masu karatun, ba ta san ko su wane ne marubutan ba. Yau ta zo ta zauna kusa da Umma ta ce bari ta karanta mata wani labari. Umma na tsintar shinkafa tana saurare. Da aka zo wurin warin roba sai hannunta ya tsaya. Da aka zo wurin zanen da ake turawa ta ƙarƙashin ƙofa sai tiren ya suɓuce. Umma ta ce wannan 'yarta ce, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya rubuta shi. Ta sa aka kira Yaya daga gareji.

"Ni ce min aka yi zazzaɓi ne ya kashe ta," in ji Anti. "Kafin in shigo gidan nan."

Auta ba ta kula Yaya ba. Ta tsallake shinkafar ta durƙusa a gaban mahaifiyarta.

"Umma, an karanta miki abin da likitar ta rubuta?"

Umma ta gyaɗa kai.

"An taɓa kai ta asibiti?"

"Kada ki amsa mata, Umma," in ji Yaya. "Abin da ya wuce ya wuce."

"Na kai ta," in ji Umma.



Ba ta ɗago ba, kuma ba ta yi kuka ba. Ta riƙa faɗa a hankali kamar mai karanta abin da ta haddace tun da daɗewa. Ta ce bayan faɗuwa ta biyar ta ce wa Baba za ta kasuwa, ta kama hannun yarinyar suka tafi asibiti. Likitan da suka gani bai ɗauki dogon lokaci ba ya faɗa mata sunan ciwon. Ya ba su kati da ƙwayoyi, ya ce duk wata su dawo, kuma kada a kuskura a daina sha ko ta ga kamar ta warke.

Wata huɗu yarinyar ba ta faɗi ba. Ko sau ɗaya.

A zuwansu na biyar wata maƙwabciya da ke aikin shara a asibitin ta gan su a layi, ta kuma san layin su wane ne. Kafin mako ya zagayo duk unguwarsu an ji. Matan da ke shigowa hira suka ɗauke ƙafa. Yaran maƙwabta aka hana su shan ruwa a gidan. A makaranta aka ja wa 'Yar Baba bencinta can baya ita kaɗai.

"Lokacin kuma ana maganar auren yayanki," in ji Umma.

Anti ta ɗago.

Umma ta ce kawunnan Anti suka aiko, sun ji ƙishin-ƙishin akwai farfaɗiya a jinin gidan, in gaskiya ne su ba za su ba da 'yarsu ba. Baba ya ji labarin asibitin a bakin baƙi kafin ya ji a bakin matarsa. Ya rantse musu babu wannan ciwon a zuriyarsa, aljanu ne, su kuwa aljanu kowa suna iya faɗa masa, ba a gadonsu. Ya dawo gida ya ce daga ranar babu mai sake taka asibitin, don in aka sake ganinsu a layin nan ya zama maƙaryaci.

"Mai aljanu tausaya masa ake yi," in ji Umma. "Mai farfaɗiya gudunsa ake yi. Sai muka zaɓi wanda za a tausaya mana."

"Kun zaɓa," in ji Auta. "Ita fa?"

Ba ta jira amsa ba, ta ƙara:

"Baban da ake cewa ya fi son ta a kan kowa?"

"Yana son ta," in ji Umma. " Ranar da ya hana maganin a bayan gida ya zauna yana kuka, na gan shi. Cewa yake wata biyu ne kawai, a ɗaura auren a gama, sai a koma a ɓoye."

Amma ana daina maganin ciwon ya dawo fiye da da. Tana faɗuwa a tsakar gida, ana jin ƙarar daga waje. Shi ne aka mayar da ita ɗakin baya, don kada dangin amarya su shigo su gani. Saura kwana goma sha ɗaya biki ta rasu.

Auta ta juya ta kalli Yaya. Ta tambaye shi ko ya sani.

Ya daɗe yana murza baƙin man da ke hannunsa. Sannan ya ce shekararsa ashirin da huɗu a lokacin, an ce masa wata biyu ne, kuma ubansa ne ya umarce shi.

"Ya umarce ka da me?"

"Katin. Ni na ƙona shi. Ƙwayoyin kuma na zuba a masai."

Ya faɗa yana kallon bango. Ya ƙara da cewa ba shi da tabbacin maganin ne ya tsayar da ciwon tun farko, ai aljani ma yakan tafi ya dawo, kuma ita likitar zauren nan ba ta san komai a kan gidansu ba. Yana magana muryarsa na raguwa, har ya yi shiru da kansa.

"Kada ki ɗora masa shi kaɗai," in ji Umma. "Ina tsaye ya ƙona. Ni na ji abin da likita ya ce da kunnena, ba shi ba. Ni nake kai mata abinci, ni nake juya makullin. Kullum sai ta tambaye ni, Umma ina ƙwayata, in ce mata ta ƙare."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Ta ce waccan da ta rubuta iyayen ne aljanun ba ta yi ƙarya ba. Shekara goma sha shida tana jiran wani ya faɗa mata haka a fuskarta, babu wanda ya faɗa, sai gaisuwa da sannu ake mata.

Auta ta so ta riƙe hannunta, ta kasa.  Abin da ke yawo a kanta shi ne zanen nan da take turawa. Gida take zanawa, da rana, da mutum biyu riƙe da hannu. Tana turawa ta gudu, saboda an ce mata in ta daɗe a bakin ƙofar zai kama ta ita ma. Sau da yawa tana jin yayarta na kiran sunanta daga ciki, ta ƙi waiwayowa.

Wani sauti ya sa suka juya. Anti ce ta zame daga jikin bangon ta zauna a ƙasa.

"Saboda aurena," in ji ta.

Umma ta ce ba laifinta ba ne, ita yarinya ce a lokacin, ba ta san komai ba. Anti ta girgiza kai. Ta ce ba wannan ba ne, su tsaya su ji. Ta ce ba don nishaɗi ta ɗauko littafin ta zo wurin Umma ba. Hanya take nema ta buɗe wata magana da aka hana ta buɗewa, ta ga in ta fara da labarin wasu zai fi mata sauƙi. Ba ta san labarin gidan ta ɗauko ba.

Yaya ya juyo da sauri.

"Ki yi shiru."

"Na yi shirun wata biyu, Baban Aku. Ya isa."

"Na ce ki yi shiru."

Umma ta ɗaga masa hannu. Tun rasuwar Baba ba ta taɓa katse shi ba. Ya tsaya da bakinsa a buɗe.

Anti ta ce Aku ce. Wata biyu da suka wuce ta same ta a ƙasa a banɗaki, jikinta na fizga, bakinta da jini. Yaya ya ce santsi ne ya kwashe ta. Makon jiya kuma ta faɗi a cikin aji, malamarsu ta rako ta har gida, ta ce a gaggauta kai ta asibiti. Yaya ya yi wa malamar godiya, tana fita ya ce in maganar nan ta kai kunnen Umma ko na wani a bakin aurensu. Ya ce yana da 'ya'ya mata uku, ba zai bari a sa wa gidansa suna ba, shi ya san yadda zai yi.

"Da na karanta sharhin likitar nan da safe, sai da na zauna a bakin gado," in ji ta. "Komai da ta lissafa na gani da idona."

Umma ta dafa hannun kujera. Ta dubi ƙofar ɗakin yaran, ta dubi agogon bango.

"Ina yarinyar take?"

Anti ta kalli mijinta. Bai kalle ta ba.

Ta ce da safe ya ce yau shi zai sauke ta a makaranta, har ta yi mamaki don ba ya yi. Wajen ƙarfe goma malamar ta kira tana tambayar me ya hana Aku zuwa. Ta kira shi sau shida, a na bakwai ya ɗauka, ya ce ta kwantar da hankalinta, in ya dawo zai yi mata bayani. Da ta duba durowar yarinyar sai ta ga babu kayanta kala uku, babu bargonta.

Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

Umma ma ta tashi. Gwiwoyinta da kullum sai an kama ta, yau babu wanda ya kama ta. Ta taka shinkafar ta je har gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ina ka kai min jikata?"

Ya ce tana hannu mai kyau. Wani mutumi ne a wajen gari, an yi masa shaidar ya iya irin wannan aikin, ya yi wa mutane da yawa, kuma ba ya surutu.

"Ɗauko makullin motarka."

"Umma, ba zai yiwu ba."

"Me zai hana?"



"Ya riga ya shigar da ita. Ya ce kada wanda ya leƙa ta sai ta kwana bakwai."